Tsaga Biyu a Jikin Komin Shanu

Ku ajiye wayoyin nan ku matso kusa, tunda rana ta hana mu zuba komai sai bayan la'asar. Tun safe nake jin ku kuna cewa aikin kankare ba wani abu ba ne: a juye yashi, a juye tsakuwa, a farke buhun siminti, a kwarara ruwa, shi ke nan. Haka ne kuwa. Tuwo ma gari ne da ruwa, amma ba kowane hannu ke tuƙa wanda za a nemi ƙari ba. Ni Iro birkila, na fi shekara talatin riƙe da cokalin gini tsakanin Funtua da Malumfashi, amma har gobe idan na yi wa kankare gaggawa sai ya kunyata ni a gaban jama'a. Zubawa kowa ya iya. Abin da zai faru bayan ka wanke shebur ka tafi gida, shi za ku zauna ku koya.

Aikin farko da na bi maigidana Malam Tanimu, Allah ya jiƙansa, wani siton auduga ne a nan Funtua. Ba gini muka je yi ba, gyara ne. Bango ya tsage daga kusurwar taga ya nufi sama a karkace. Ni har na fara neman inda zan kwaɓa siminti mu toshe. Sai ya ciro alli daga aljihu, ya ja ɗan layi daidai inda tsagar ta ƙare, ya ce in kwashe kaya mu tafi. Mai siton ya ce, "Malam, aikin ke nan?" Ya ce, "Alhaji, ai ban san ciwon ba tukuna. Bayan mako biyu za mu dawo." Da muka dawo, ta wuce allin da faɗin yatsa biyu. Ya ce, "Ka gani, Iro? Wannan mai rai ce, tafiya take yi. Da mun shafe ta, da mun sa wa mara lafiya sabuwar riga ne kawai." Ashe ruwan indararo ne ke zuba a gindin bangon, ƙasa tana zaunawa. Indararon muka fara gyarawa kafin mu taɓa bango.

Wajensa na koyi cewa kankare ɗan dako ne. Ɗora masa kowane irin nauyi, zai ɗauka bai ce uffan ba. Amma a ja shi, ko a nemi lanƙwasa shi, nan take zai dare, don ba shi da haƙurin ƙarfe ko na ɗanyen itace. Kuma kullum cikin ja yake, ku ne ba ku gani. Idan yana bushewa tsukewa yake yi, ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuwa ta riƙe shi ta hana shi motsi, to ina zai sa kansa? Sai ya nemi inda ya fi rauni ya yage. Shi ya sa tsaga ba ta tashi daga tsakiyar lafiyayyen bango haka siddan. Kusurwar taga take nema, ko bakin ramin da aka huda don bututu, ko inda aka bar kwaɓi ya sha iska aka tafi cin abinci. Kun taɓa lura da mai yadi a kasuwa? Ɗan ƙaramin baki yake yi da almakashi, ya ja da hannu, yadin ya tafi fyaat har ƙarshe. Duk ƙarfin a ɗan tsinin nan yake taruwa. Kuma tsaga tana ƙara tsawo tana ƙara samun sauƙin tafiya. Wadda ta yi wata uku tana rarrafe, sai ta cinye sauran bangon a yini ɗaya.

Kayan aikin da na fi ji da su ba su ne masu nauyi ba. Alli, ƙaramar guduma, tsinken tsintsiya, da buta. Dariya kuke yi? Buta ta fi wayarka gani, kai mai jar hula. Ka watsa wa bango ruwa ka koma inuwa, ko'ina zai bushe ya bar tsagar da duhunta, har wadda ta fi gashi siranta. Gudumar kuwa ta kunne ce. Lafiyayyen kankare yana amsawa ƙal-ƙal, wanda ya rabu ta ciki sai ka ji shi ɓaf-ɓaf kamar fasasshiyar ƙwarya. Tsinken na auna baki ne: yau bai shiga ba, to bayan wata guda fa? Rodi kuma, kada wani ya ruɗe ku ya ce yana hana tsagewa. Ba ya hanawa, bakin tsagar yake riƙewa kada ta wage.

Akwai wani daben shanya da na zuba wa wata Hajiya mai sayen waken suya a Tsiga, fili ne babba a bayan gidanta. Na ɗauko katako zan ja layuka in raba shi gida-gida tun yana ɗanye, sai ga ta da mayafi a kafaɗa. "Malam Iro, me kake zana mini a dabe? Ni sumul nake so kamar faranti, yadda tsintsiya za ta wuce." Na ce, "Hajiya, daben nan sai ya tsage, da yardarmu ko babu. Gara mu nuna masa hanya da ya nemi tasa." Ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin magini yana yi wa aikinsa baki ba. Muka raba gardama, rabi na ja layi, rabi na bar mata sumul. Kafin kaka, ɓangarena ya tsage a cikin layukan, babu mai gani. Nata kuwa ya koma kamar bayan kunkuru. Ba ta ce na yi gaskiya ba, Hajiya ba ta faɗin irin wannan, amma ta aiko mini da kwanon wake.

A kan rabin nan nata na zauna wata ranar hantsi na yi karatun da babu makarantar da ta koya mini. Tsagar farko takan tafi doguwa abinta. Da zarar ta buɗe, gefenta biyu sun huta da ja, shi ya sa ba za ka ga wata ta jero kusa da ita ba, sai can nesa. Wadda ta zo daga baya kuwa, idan ta doso tsohuwar, sai ta karkata ta same ta a miƙe, ta tsaya cak, yadda hanyar gona ke ƙarewa a bakin titi. Ba ta iya tsallakawa. Saboda haka ko ba a gabanka aka yi ba, za ka iya nuna yaya ka nuna ƙane. Na ji daɗin wannan ilimi ƙwarai, ban san a kaina zai fara aiki ba.

To ga shekarar da ba na son tunawa, amma dole ku ji ta. Wani ƙauye ne a bayan Dayi, ba zan faɗi sunansa ba don har yanzu ina cin tuwo a can. Sun samu rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, aka kira ni in zuba komi, wato dogon mazubin kankare da ruwa ke taruwa dabbobi su sha. Ba shanun huɗar mutanen gari kaɗai za su sha ba. A gefen garin akwai gidan Malam Maude, makiyayi. A nan aka binne kakansa, Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da Fulatanci, yana noma dawarsa kamar kowa, shanunsa kuma su ke takin gonakin rabin garin bayan girbi. Rafin da suka saba sha ya daina kai rani. In babu komin nan, babu zaman Malam Maude a wurin, magana ta ƙare.

A ƙarshen bazara muka zuba shi, da gayya. Gari kaf ya fito, mata na kawo ruwa, samari na kwaɓi, tsofaffi na ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Kun san gayya, hannu da yawa, kuma kowa injiniya. Na yi ta faɗa kada a cika ruwa a kwaɓi, ina juya baya ana ƙarawa don shebur ya yi sauƙin ɗagawa. Duk da haka aiki ya yi kyau. Muka gama ranar Laraba, na lulluɓe shi da buhunan algarara na jiƙa su sharkaf. Ku riƙe wannan ko kun manta komai: ba bushewa ke ba kankare ƙarfi ba, ruwa ne. Sabon zubi yana son ban-ruwa safe da yamma, aƙalla kwana bakwai, in da hali a ninka. Wanda ya bushe da wuri, a ido dutse ne, a ciki kuwa gari ne.

Ranar Juma'a da hantsi, ina gama cire katako, hadari ya haɗo daga gabas aka kwarara ruwan shuka. Ku da kuka tashi a cikin gari ba za ku gane ba. Idan ruwan shuka ya sauka a ƙasar nan, ko liman gajarta huɗuba yake yi. Mai shago ya ja ƙofa, mai shayi ya kife tukunya, kowa ya ɗau iri da sungumi ya nufi gona. Ni ma manomi ne kafin in zama birkila, ga gonata can wajen Malumfashi tana jira, ga irin masara a buhu. Na dubi sama, na dubi komi yana shan ruwa har yana tumbatsa, na ce ai Allah ya karɓe ni ban-ruwa. Na mayar da buhunan, na hau babur. Ban ɗora wa kowa ba, kuma da na ɗora ma ban ga wanda zai tsaya ba.

Ruwan nan bai sake leƙowa ba sai bayan kusan mako biyu. Rana ta buɗe wuta, iska ta yaye buhunan, awaki suka ja sauran, ruwan da ya taru a ciki ya bi ta ramin zubar da ruwa na ƙasa ya tsiyaye don ban toshe shi ba. Da na dawo na watsa ruwan buta a bangon gabas, na jira ya sha iska, sai ga su sun fito. Tsaga biyu ne sirara. Ɗaya ta sauko daga inda bututu ke shiga ta sama, ɗaya ta taso daga ramin zubar da ruwa ta ƙasa, suna kallon juna, tsakaninsu bai fi taƙi biyu ba. Kun riga kun san abin da ya kamata in yi: in ja alli, in je in gaya wa mai unguwa, a dakata. Abin da na yi kuwa, na dama ruwan siminti, na samu tsumma na shafe su, na bi duk bangon don launi ya zama ɗaya. Na ce wa kaina ai sirara ne kamar gashi, ina za su je? Aka yi addu'a aka buɗe komi, jama'a na ta sa mini albarka, ni kuma ina amsa amin da bakin nan nawa.

Damina ta wuce lafiya, don dabbobi na samun ruwa a ko'ina. Da rani ya tsaya, komi kullum a cike, rana ta gasa shi da yini, sanyin safiya ya tsuke shi. Ran nan ina kan wani gini a Malumfashi sai ga kiran mai unguwa. "Malam Iro, duk abin da kake yi ajiye ka zo. Komi ya fashe, gari kuma yana neman ya bi shi."

Bayan azahar na isa. Tun daga nesa na ga jama'a ta rabu biyu, taɓo a tsakiya. Bangon gabas ya ɓule, ruwa ya tsiyaye tas, guntun da ya fita yana kwance a ƙasa. Mai magana shi ne Alhaji Sama'ila, babban manomin garin, mutum mai kyauta amma mai saurin hawa. Ya ce da sassafe shanun Maude suka zo, bijiminsa ya yi karo da bango, wasu ma sun ce sun ji ƙarar duka, wa ya sani ko da gangan ne don shanun huɗar gari su rasa ruwa. Ya ce daga yau ƙafar saniyar Maude ba za ta sake taka mashayar nan ba, ko an gyara ko ba a gyara ba. Bayansa samari na cewa haka ne. Malam Maude yana tsaye gefe da sanda a kafaɗa. Can bayan gari an tsare shanunsa, tun safe ba su sha ba, kukansu na zuwa har inda muke. Kun san zamanin da muke ciki, abin da bai kai wannan ba ya tashi gari.

Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Malam Iro, kai ka zuba shi, kai ka san ƙarfinsa. Duba ka gaya mana, duka ne ko ba duka ba ne? Abin da ka faɗa, a kansa zan yanke." Alhaji Sama'ila ya dafa kafaɗata ya ce, "Faɗa musu, Malam Iro. Ai aikinka ko mota ta hau ba ya motsi."

Na durƙusa a cikin taɓon. Inda aka daki kankare ba ya ɓuya: za ka ga farin tabo inda abin ya sauka, tsage-tsage su watsu daga nan ta kowane gefe kamar ƙafafun gizo-gizo. Na duba ciki, na duba waje, babu. Na ɗago guntun da ya faɗi na juya shi. Siffar ganyen mangwaro gare shi, tsini sama, tsini ƙasa, ciki a tsakiya. Ina ganin haka na san labarin, don Malam Tanimu ya taɓa nuna mini irinsa a jikin wata kwalbati. Tsaga biyu idan suka doso juna ba sa yin gaba da gaba. Suna kusantowa sai kowace ta ɗan kauce, su wuce juna kaɗan, sannan kowace ta lanƙwaso ta nemi bayan 'yar'uwarta. Abin da suka rungume a tsakiya ya zama maraya, babu abin da ke riƙe da shi sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Irin wannan ba a yini ɗaya ake yin sa ba.

Na kalli fuskar karayar. Duk ta yi baƙi da gansakuka, in ban da wani ɗan wuri a tsakiya, faɗin yatsa uku, shi ne fari sabo. Wato wannan ɗan wurin kaɗai ya rage yana riƙe da bangon. Ko akuya ce ta sosa wuya a nan, faɗuwa zai yi. 'Yan ƙananan tsage-tsagen da suka fito a ranar duk sun je sun tsaya a jikin manyan biyun, ƙanne ne, ba su suka fara ba. A leɓen tsagar kuma ga shafen da na yi, siriri kamar ɓawon albasa, ya ɗago yana kallona.

Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba. Duk wajen nan babu mai iya karanta abin da nake gani sai ni. Kalma biyu ce, in ce duka ne, in karkaɗe wandona in hau babur da sunana cas. Har na buɗe baki ban san wadda za ta fito ba. Sai Malam Maude ya matso, ya yi magana a hankali yadda ya saba. "Malam Iro, in shanuna ne, faɗi. Ba zan yi jayayya da mai sana'a a kan sana'arsa ba. Gobe sai mu ɗaure kaya."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na miƙe da guntun a hannu na ce, "Ranka ya daɗe, ba bijimi ba ne, ba sanda ba ce. Ni ne." Na faɗa musu ranar ruwan shuka, na faɗa musu tsaga biyun da na gani, na faɗa musu tsumman. Alhaji Sama'ila ya ce, "Haba Malam Iro! Kada kunya ta sa ka ɗauki kayan wani." Na ɗora masa guntun a tafin hannu na ce, "Alhaji, sa farcenka a nan." Ya sa, simintin ya marmashe, tsakuwa ta fito sumul kamar an wanke ta. Na ce, "Kankaren da ya sha ruwa ya ƙoshi, in zai karye da tsakuwar yake karyewa, ba ya sakin ta. Wannan ƙishi ya kashe shi tun yana kwana uku. Kuma dubi baƙin nan. Kai manomi ne, gansakuka tana tsirowa daga asuba zuwa azahar?" Ya juya guntun, ya sake juyawa.

Mai unguwa dattijo ne mai wayo. Ya dubi jama'a ya ce, "To, ranar da ruwan shukar nan ya sauka, wa ya tsaya a gari? Ya ɗaga hannu in gani." Babu hannu ko ɗaya. Ya ce, "Wa kuma ya riƙa ƙara ruwa a kwaɓi in Malam Iro ya juya baya?" Samarin da ke ihu ɗazu suka fara kallon ƙafafunsu, wani ya tuntsire da dariya. Na ce, "Ranka ya daɗe, tafiya gona tamu ce duka, amma shafewar tawa ce ni kaɗai." Nan Alhaji Sama'ila ya juyo kaina, ya wanke ni tas, babu sabulu. Ya ce saura ƙiris in sa shi ya ɗauki alhakin da zai bi shi har kabari. Gaskiya kuwa ya faɗa. Da ya gama da ni, ya tsallaka taɓon nan da babbar rigarsa, ya miƙa wa Malam Maude hannu ya ce, "Na yi maka zato, Maude. Ka yafe mini." Malam Maude ya karɓi hannun ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Kafin la'asar an yanka durom biyu an jera, aka kunna ruwa, shanun Maude aka fara sakowa don su suka fi jin ƙishi.

Kada ku zaci daga nan aka ɗauke ni a kafaɗa. Labari ya riga ni isa Dayi, ya riga ni isa Malumfashi. Aka sa mini suna Iro mai tsumma. Wani gida da na fara aka ce in dakata, wani masallaci da aka yi mini alkawari aka ba wani. Ragowar ranin nan, ni da nake da leburori, na koma ina buga wa wani bulo a rana. Abin ya yi mini ciwo, amma ban ga wanda zan kai ƙara ba.

Komin kuwa ban yarda a yi masa faci ba. Faci a kan kankaren da ya mutu da ƙishi ɓata siminti ne. Muka rushe shi har ƙasa. Wannan karon na raba shi gida uku, kowane da bangonsa, yadda in ɗaya ya tsage tsagar za ta iske iyaka ta tsaya, sauran biyun su ci gaba da aiki. Inda bututu zai shiga ban bar kusurwa ba, na zagaye shi na ɗaure da rodi. Ruwan kwaɓi kuma bokiti ɗaya aka ware, mai unguwa da kansa ya zauna a kujera ya riƙe shi, kowa ya zo ƙari sai ya nuna masa hanya da sanda. Na tare a garin kwana goma sha huɗu. Gidan Alhaji Sama'ila ke ban-ruwan safe, gidan Malam Maude na yamma, ni kuma ina bi ina taɓa buhu ko ya bushe. Yana nan har yau, ku je ku ƙwanƙwasa ku ji.

Sai dai hankalina bai kwanta ba. Komi ya gyaru, amma maganar da aka faɗa a gaban jama'a ba a rushe ta a sake zubawa. Na riƙa jin ƙishin-ƙishin cewa 'yan'uwan Malam Maude na ta matsa masa ya tashi, wai garin da aka nuna maka yatsa sau ɗaya za a sake nunawa. Har aka ce ya je ya dubo wani wuri can kudu. Duk ranar da na ji wannan sai abinci ya fita raina, don na san tsummana ne ya jawo.

Bayan girbi, ranar kasuwar Dayi, ina tsaye wajen masu rodi sai na ji an ce, "Malam Iro, kana da sarari?" Na juya, Malam Maude ne. Ya ce in ɗauke shi a babur mu je gida akwai abin da zai nuna mini. Duk hanya na ɗauka sallama za mu yi. Muka shiga, na gai da mahaifiyarsa, Inna, tana zaune tana gyaran ƙwarya. Ya kai ni bayan ɗakinta ya yaye wata tabarma. Buhunan siminti ne a jere a kan katako, gefe ga tulin yashi mai kyau, wankakke, ga tsakuwa.

Ya ce, "Ɗaki nake so ka yi wa Inna, na bulo, da dabe. Damina na damun ta da danshi. In ka gama, ka zuba mini tushen wani a nan kusa, na yara."

Na ce, "Ni, Malam Maude? Bayan abin da idonka ya gani?"

Ya ce, "Abin da idona ya gani ne ya sa."

Na kasa haƙuri na ce, "Ni fa an ce mini tashi za ka yi."

Ya dube ni, ya dubi buhunan, ya yi murmushi. "Malam Iro, wanda zai tashi yana zuba siminti? Auna mana."

Na ciro igiya daga jaka, ya kama mini ɗaya bakin ya ja har gindin katanga.